Gishiri a Faifan Sabuwa

Shekara ashirin da bakwai Malam Sammani ya yi yana wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje na wata makarantar 'yan mata da ke kusa da Ƙofar Sauri. A takarda sunan aikinsa mataimaki, a bakin ɗalibai kuwa shi ne Baba na lab. Shi ke buɗe ɗakin da safe, ya share, ya jera abin da malamin kemistiri ya ce a jera, sannan ya koma kan doguwar kujerarsa marar majingina da ke ƙarshen ɗaki, kusa da famfo, ya zauna har a tashi.

A kan kujerar nan ya ga malamai sun zo sun wuce. Da Ba'indiye ya fara, sai wani Bamisire, sai 'yan Gana biyu, daga baya 'yan gida suka karɓa. Shi karatunsa na boko a firamare bakwai ya tsaya, amma saboda yawan ji ya haddace darussan kaf da Turancinsu, kamar yadda mutum ke haddace waƙar wani yare da yake ji kullum daga rediyon maƙwabci. In malami ya ɗauko jimla, Malam Sammani kan ƙarasa ta a zuciyarsa yana ɗauraye kwalba.

A ƙarshen shekarar casa'in da takwas, da sojoji suka buɗe fagen siyasa, Malam Yahaya mai koyar da kemistiri ya ajiye aiki, ya koma garinsu ya tsaya takarar kansila, kuma ya ci. Shugabar makarantar, Hajiya Ladi, ta rubuta neman wani malamin, aka ce ta dakata sai sabuwar gwamnati ta zauna. Zango guda ya wuce haka. 'Yan aji huɗu, waɗanda a shekarar suka fara darasin, in lokacinsa ya yi sai su zauna suna kitse wa juna kai.

A farkon watan Mayu, ana tsakiyar zafi, monitar ajin ta same shi a lab. Lailatu sunanta, doguwar yarinya marar yawan dariya, mai son zama ma'aikaciyar jinya. Ta gaishe shi, ta buɗe masa tsohon littafin yayarta, ta nuna masa wani zane na da'irori da ɗige-ɗige, ta tambaya ko ya taɓa gani. Bai san lokacin da bakinsa ya buɗe ba. Ya karanto mata bayanin zanen da Turanci tun daga farko har ƙarshe, bai ko kalli littafin ba. Yarinyar ta bi rubutun da yatsa, ta ga kalma ɗaya bai tsallake ba. Ta rufe littafi ta fita. Washegari Hajiya Ladi ta aiko a kira shi.

Ta ce masa doka ba ta ba ta damar sa sunansa a jerin malamai ba. Amma ba wanda ya hana ta cewa ya riƙa zama da yaran Litinin da Laraba don kada su damu sauran azuzuwa da surutu, kuma abin da ya faɗa musu a zaman, wannan tsakaninsa da su ne. Ya ce, ranki ya daɗe, shi mai wanke kwalba ne. Ta ce ta sani, shekara tara ke nan tana ganinsa. Ta miƙa masa kwalin alli.

A hanyarsa ta komawa gida a Ƙofar 'Yandaka sau biyu yana sauka daga keke ba tare da dalili ba.

Gidan su biyu ne kawai yanzu, shi da matarsa Sabuwa. 'Yarsu Binta tana aure a Funtuwa, ɗansu Mahmud yana aiki a Kaduna. Tun da ciwon gwiwa ya kama Sabuwa ta rage fita, ta koma ɗinkin faifai a inuwar darbejiyar tsakar gida, tana jera kaba mai rini layi bayan layi. Ya gaya mata abin da ya faru. Ta ce Allah ya sa alheri, ta ci gaba da ɗinkinta. Ran Asabar bayan La'asar ya ce yana so ya gwada bakinsa a gabanta, tunda ba shi da wani. Ya miƙe tsaye, ya gyara murya, ya zuba Turanci. Ta bar shi har ya kai ƙarshe, sannan ta ce to yanzu ya faɗa da Hausa ta ji.

Ya ce ai labarin gishiri ne. Gishiri abu biyu ne suka haɗu. Ɗaya ƙarfe ne, sunansa sodiyam, mai laushi har wuƙa na yanka shi kamar sabulu, a cikin mai ake ajiye shi, don in ya taɓa ruwa tafasa yake yi har ya kama da wuta. Ɗayan ba ƙarfe ba ne, iska ce mai suna kilorin, wadda in mutum ya shaƙa da yawa sai ta shaƙe shi.

Sabuwa ta ajiye basilla. “Wanga gishirin da nike sa ma a miya, Malam?”

Ya ce shi.

“To ina wutar ta tahi? Ina dafin?”

Ya maimaita mata abin da ya haddace, cewa ɗaya yana ba ɗaya wani abu da ake kira ilaktoron. Ta tambaya mi ya sa ya ba shi. Ya sake maimaita jimlar. Ta ce ta ji, amma mi ya sa. Nan ransa ya ɓaci, ya ce abin ba na wanda bai shiga aji ba ne, ba za ta gane ba. Ta ɗauki basillarta, ta sunkuyar da kai.

A masallaci, bayan an sallame Magariba, ya daɗe a zaune. Shekara talatin da huɗu suna tare bai taɓa yi mata gorin karatu ba sai yau, kuma ya san sarai shi ne wanda bai gane ba.

Ran Lahadi da hantsi ya ɗauki makulli ya tafi makaranta. Ya ciro littafin da Malam Yahaya ya bari, da ƙamus, ya zauna a kujerarsa ta kullum yana bin kowace kalma a hankali. Wata kalmar ya faɗe ta a zuci ya fi sau ɗari, sai yau ya ga ma'anarta. Bai tashi ba sai da aka kira Azahar.

Da ya dawo gida ya tsuguna kusa da ita, ya ɗauki tsinke ya fara zana da'ira a ƙasa, bai ce komai a kan maganar jiya ba. Da'irorin suka yi ta fitowa a karkace, ga kaji suna bi suna tonewa. Sabuwa ta kalle shi na ɗan lokaci, sannan ta tura masa faifai biyu da ƙafa, ta ce ga da'ira nan a shirye. Ta sa ya ɗebo wake da gurjiya a ɗaki.

Ya bayyana mata cewa kowane abu a duniya an gina shi da ƙwayoyi ƙanana waɗanda ido ba ya gani, kuma kowace ƙwaya tana da cibiya, da layuka kewaye da ita kamar na faifan nan. A kan layukan ne ilaktoron suke. Layin farko biyu yake ɗauka, na biyu takwas, kuma ƙwaya ba ta natsuwa sai layinta na waje ya cika. Ya jera wa sodiyam wake: biyu, takwas, sai guda ɗaya tal a layi na uku. Ya jera wa kilorin gurjiya: biyu, takwas, bakwai.

Bai kai ga buɗe baki ba Sabuwa ta miƙa hannu, ta ɗauke waken nan guda, ta ajiye shi cikin gurjiya bakwai. Ta ce ai wannan a fili yake, wancan ya rabu da guda ya koma kan cikakken layinsa, wannan ya samu guda ya cika nasa. Malam Sammani ya ce haka littafi ya ce.

“To in ya ba shi, mi zai riƙe su tare? Ba sai kowa ya kama gabanshi ba?”

Wannan kam ya shirya mata, don a kanta ya fi daɗewa da safe. Ya ce a cibiyar kowace ƙwaya akwai caji mai alamar tarawa, su kuma waken masu alamar ɗebewa ne, kuma da farko adadinsu ɗaya. Sodiyam sha ɗaya a ciki, sha ɗaya a waje. Da ya ba da guda, sai na ciki suka fi da ɗaya. Kilorin kuwa sha bakwai a ciki, yanzu sha takwas a waje, na waje suka fi da ɗaya. Mai tarawa da mai ɗebewa kuma jan juna suke yi. Ba ma su biyu kaɗai ba, kowanne yana jan duk na kusa da shi, gaba da baya, sama da ƙasa, sahu a kan sahu, shi ya sa ƙwayar gishiri take da kusurwa. Game da wutar kuma, waken nan guda da ke neman inda zai tafi shi ke sa ƙarfen hauka a cikin ruwa, da ya tafi an huta.

Sabuwa ta sa ya miƙo mata gwangwanin gishiri. Ta zuba kaɗan a tafin hannu, ta matsar da shi inda rana ke ratsowa ta cikin ganye, ta daɗe tana dubawa. Ta ce ashe ba ɓoye dafin ya yi ba, abin ne ya zama wani abu dabam. Shi kuwa ya riƙe maganar a ransa don ya faɗa wa yara.

Ran Litinin 'yan mata arba'in da shida suka cika lab. Ya tsaya a gaban allo, inda bai taɓa tsayawa ba sai in zai goge shi. Ya fara da Turanci, alli ya karye a hannunsa. Aka fara dariya ƙasa-ƙasa a baya. Da ya jawo buhu ya ciro faifai, dariyar ta fito fili, wata ta ce Baba zai yi musu tankaɗe. Lailatu ta juya ta harare su. Shi ma sai ya samu kansa yana murmushi, ya ce su matso su kewaye teburi, ya koma Hausa. In ya gama bayanin abu ya ga sun gane, sai ya ba su sunansa da Turanci su rubuta, tunda da shi za su yi jarrabawa. Kafin a yi rabin lokaci ba ka jin komai sai ƙarar wake a kan kaba.

Don su gani da idonsu, ya ciro ragowar siririn ƙarfen magniziyam da ya daɗe yana tattali, ya ce kada kowa ta zuba wa hasken ido kai tsaye, ya kama shi da hantsaki ya kai kan wuta. Ɗakin ya haske fari fat, aka bar farin toka. Ya ce ga ƙarfe ya haɗu da iskar oksijin da muke shaƙa: shi biyu gare shi a layin waje, ita biyu take nema, sun yi daidai.

Lailatu ta ɗaga hannu. Ta ce to in magniziyam mai ba da biyu ya haɗu da kilorin mai neman ɗaya fa, ina zai kai ɗayan?

Ya dubi faifan, ya dubi yaran, komai ya ɓace masa. Ya taɓa ganin malamai a irin wannan hali, wasu kan ce ba a kai nan ba tukuna. Shi ya ce, “Ban sani ba yanzu, ɗiyata. Zan tambayo.”

A gida ya jera wa Sabuwa abin, ya ce ga inda ya maƙale. Ta duba sau ɗaya, ta ce ya ɗauko wani faifan mana, ya jera wani kilorin ɗin, kowa ya karɓi guda. Malam Sammani ya fashe da dariya har da hawaye. A lab akwai wata kwalbar haɗin magniziyam da kilorin a kan kantar kaya ta uku, da yake goge wa ƙura tun da ya fara aiki, a jikin takardarta akwai ɗan ƙaramin biyu a ƙasan sunan kilorin. Bai taɓa tambayar kansa abin da biyun nan ke yi a wurin ba.

Amma Sabuwa ba ta gama da shi ba. Ta ce wake ta gani, gurjiya ta gani, cajin nan da yake faɗi ba ta gan shi ba. Kuma sukari ma fari ne, yana narkewa a ruwa, da mi za a bambanta su? Ya tuna wani gwaji da ya sha haɗa wa malamai kayansa. Batirin makaranta ya daɗe da mutuwa, sai ya ari na babur wurin maƙwabcinsu Habibu ɗan acaba, ya biya Babbar Kasuwa ya samo ƙaramin ƙwan fitila da waya, ya fasa tsofaffin batiran tocila biyu ya zaro baƙaƙen sandunan da ke cikinsu.

Da rana tsaka suka shiga ɗakinta, suka saki labule. Ya tsoma sandunan cikin busasshen gishiri, ƙwai bai kama ba. Ya tsoma cikin ruwan sukari, shiru. Sai ya ba ta kofin ruwa da cokali, ya ce ta zuba gishiri da yawa ta dama da hannunta. Da ya tsoma sandunan, zaren cikin ƙwan ya yi ja, a hankali ya kama, har ya haska fuskarta. Ya ce a busasshe suna daskare a sahu, ruwa ne ya sake su suka samu yawo, su ke ɗaukar wutar. Sukari ba shi da masu cajin. Can sai wani ɗan wari ya taso daga kofin, irin na ruwan da ake cire tabon farin kaya da shi. Ya zare sandunan da sauri, ya ɗage labule, ya ce wannan shi ne kilorin ɗin da ta tambaya.

Ta zauna a bakin gado, cokali a hannu. Ta ce duk shekarun nan in mata sun tambaye ta aikin mijinta, cewa take yana aikin makaranta, ta sauya zance, don ita kanta ba ta sani ba. Ta so ta tambaye shi tun suna yara, amma tana tsoron ya faɗa ta kasa ganewa, ya ga ya auri marar kai.

Ya ce shi kuma bai taɓa faɗa mata ba don a ganinsa ba abin faɗi, wankin kwalba ne. Sannan ya ce, “Maganar da na gaya maki ran Asabar, ki yahe mani.”

“Ta wuce tun ran Lahadi, Malam,” in ji ta. Ta miƙa masa cokalin, ta ce ya ƙara nuna mata sau ɗaya, amma a tsakar gida, ko da ba za a ga hasken sosai ba.

Ran Laraba ya ba Lailatu amsarta da faifai uku, ya kunna musu ƙwan a bakin taga. Da suka tambayi littafin da ya duba, ya ce ba littafi ba ne, maiɗakinsa ce, kuma ita ko harafi ɗaya na boko ba ta sani ba. Faifan ma nata ne.

Ranar Asabar ɗin da aka rantsar da gwamnatin farar hula, gari ya cika da ƙarar babura da hon, kowace rumfa an kewaye rediyo. Malam Sammani yana zaure yana saurare sai ya ji sallama. Lailatu ce da ƙawayenta huɗu, sun nemi izini a gida sun zo gaida Inna. Sabuwa ta rikice, ta rasa inda za ta sa su, tana ta faɗan bai gaya mata ba, alhali shi ma bai sani ba. Ta sa aka dama fura. Da farko yaran sun yi ta sunkuyar da kai, amma kafin La'asar sun baje a tabarma, ɗaya tana koyon riƙon basilla, sauran suna jera mata ƙarafa iri-iri a faifai ta faɗi wanda zai ba da nawa. Sau ɗaya ta kuskure. Daga zaure yana jin dariyarta, irin wadda ya rabu da ji tun tafiyar Binta. Ya rage muryar rediyon.

A jarrabawar ƙarshen zango talatin da ɗaya suka ci, sha biyar suka faɗi. Ya damu da sha biyar ɗin, ya yi ta bin sunayensu, har Hajiya Ladi ta ce masa ba a taɓa samun shekarar da kowa ya ci ba. Da aka dawo hutu a watan Satumba aka turo sabon malami, wani matashi mai suna Malam Umair, mai digiri, mai ladabi. Malam Sammani ya miƙa masa ragowar alli, ya koma bakin famfo. Bai ji zafi ba kamar yadda ya zata, ko da yake ranar ya dawo gida da wuri.

Ya gaya wa Sabuwa cewa koyarwa ta ƙare. Ta ce ta yaran ce ta ƙare, ita ba a sallame ta ba, yau mi sabon malamin ya koyar? Daga ranar, in ya dawo ya ci abinci, sai ya kawo mata darasin yini. Wani ya shige ta, wani ta ce ba shi da daɗi a wuce. Da aka zo kan abubuwa masu tsami da masu kashe tsami, ta ce ya dakata. Ta dafa bango ta miƙe, ta jiƙa tsamiya a ƙwarya, ta jefa ɗan gutsuren kanwa, suka sunkuya su biyu suna kallon kumfa na tasowa. Ta ce wannan tun tana 'yar shekara tara take yi, gobe ya tambayo mata sunan iskar da ke fita.